Zakaru Bakwai na Mai Agogo

Ranar da ya fara ganinta, matacciyar kaza ce a hannunta.

Tana tsaye a bakin tagar ofishin kula da lafiyar dabbobi, ta naɗe kazar a tsohon buhu, ƙafafun kaɗai suka leƙo waje. Shi kuwa yana zaune yana jera takardu, saurayi siriri mai farar riga, wanda ba ya rufe durowa sai ya sake buɗe ta ya tabbata ta rufu.

"Sannu da aiki, Likita," in ji ta.

"Ni ba likita ba ne," ya amsa da sauri, kamar an kama shi da laifi. "Difloma gare ni. Likita tana taro."

"To, Malam Difloma, duba mini wannan. Ita ce ta uku a wata guda."

Ya sa safar hannu, ya kwance buhun. Bayan kazar tas yake kamar an fige shi, fata ta tsage a ƙarƙashin fiffike, an tsige gashin ƙeyarta. Ya duba hanci, ya buɗa baki, ya matsa ciki. Babu majina, babu kumburi.

"Zakaru nawa ne a gidanku?"

"Bakwai."

"Kaji fa?"

"Da sha huɗu ne. Yanzu saura sha ɗaya."

Sai a lokacin ya ɗaga kai ya dube ta sosai. Idanunta manya ne, kuma akwai gajiya a cikinsu, zaren ɗinki ja ya maƙale a gefen mayafinta. Ya yi maza ya mayar da ido kan kazar.

"Zan zo in ga wurin bayan an tashi daga aiki, idan an yarda."

Gidan yana ƙarshen wani siririn layi. Tun daga ƙofa ya ji abin da bai so ba: zakaru suna ta cara a kan juna, amma ba a jin muryar kaza ko ɗaya. A bayan gida ya same su, sun cure a ƙarƙashin tsohon teburi, wasu a kan katanga, babu mai kusantar kwanon dusa. Gashi ya watsu ko'ina a ƙasa. Da ɗaya ta sauko shan ruwa, zakaru huɗu suka rufar mata a lokaci guda.

A baranda mahaifinta yake zaune, wanda duk layin ke kira Mai Agogo. Shekara arba'in ya yi yana gyaran agogo kafin yanar ido ta fara rufe masa gani. Har yanzu gilashin aikinsa yana rataye a wuyansa.

Malam Difloma ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya faɗi abin da aka koya masa, daidai yadda aka koya masa.

"Baba, ba cuta ba ce. Zakaru ne suka yi yawa. Zakara ɗaya ya ishi kaji takwas zuwa goma. Waɗannan ba sa barin kajin su ci, ba sa barin su huta, raunin kuma yana ruɓewa ya kashe su. Sai an yanka shida."

Tsohon bai motsa ba. Agogon bango ya buga sau biyar kafin ya yi magana.

"Auta, raka baƙonki."

Washegari da hantsi saƙo ya shigo wayarsa, a lambar da ya rubuta mata a bayan katin ofis.

"Malam Difloma, ka yi haƙuri da abin da ya faru jiya. Mahaifiyata ce ta sa wa kaza ƙwan nan da hannunta, ta rasu saura kwana huɗu su ƙyanƙyashe. Cikin goma, bakwai suka fito zakaru. Baba ya san kowanne da muryarsa. Ba ka sani ba, ba laifinka ba ne."

Ya rubuta amsa ya goge har sau uku.

"Allah ya jiƙanta da rahama. Laifina ne, domin na yi magana kafin in tambaya. Amma kajin suna cikin haɗari. Na ga zare a mayafinki. Ke tela ce?"

"Ashe ban da kaza akwai abin da ka kalla."

Ya daɗe yana duban saƙon.

Shagon ɗinkinta ɗan ƙarami ne, keke ɗaya da benci ɗaya. Can ya kai mata zane a takarda, ya auna komai da rula: wata 'yar riga ta yadi mai kauri da za ta rufe bayan kaza, da madauri a ƙarƙashin kowane fiffike, domin faratan zakara su daina tsaga fata.

Ta yi dariya har ta kifa kai a kan keke.

"Na ɗinka wa amare, na ɗinka wa jarirai. Yau kuma kaji! A sa musu aljihu?"

"A'a, aljihu zai iya kama ƙafa."

"Wayyo ni! Wasa nake yi, Malam."

Ta ɗinka guda goma sha ɗaya. Ya riƙa zuwa duba ɗinki, har bayan da ɗinki ya ƙare. Yana zama a ƙarshen benci, gwiwoyi a haɗe, ita tana taka keke suna hira. Ta gano cewa yana karanta takardar cikin kwalin magani har ƙarshe, ko da na ciwon kai ne, sai ta sa masa Sarkin Tsoro. Shi kuma wata rana bakinsa ya kuɓuce ya ce mata Autata, ya tsaya cak yana jiran faɗa.

"Sake faɗa," ta ce, ba ta ɗago daga ɗinkin ba.

"Autata."

"To, na ji. Kada ka kai sunan ofis a buga masa hatimi."

Rigunan sun rage rauni, amma ba su rage zakaru ba. Kajin suka ci gaba da rama. Cikin mako uku biyu suka sake mutuwa, aka bar tara.

A bakin babban titi akwai wani mai shagon maganin kaji, mutum mai turare da yawan magana, wanda ya daɗe yana aika wa Mai Agogo gaisuwa saboda Auta. Shi ne ya riƙa zuwa baranda da ƙullin gari kala-kala.

"Baba, annoba ce, ni na san ta. Yaran ofis ɗin nan yawo suke yi gona-gona, wa ya san abin da ya kwaso a takalminsa? Ka lura, ai bayan zuwansa abin ya ƙaru. Mu dai mu ci gaba da magani."

Maganar ta yi wa tsohon daɗi, domin ba ta taɓa zakarunsa ba. Don haka da Malam Difloma ya aiko kawunsa neman izinin zance, amsar ba ta yi tsawo ba.

"Ka gaya wa ɗanka, wanda ya shigo gidana ranar farko da wuƙa a bakinsa, ba zan ba shi abin da ke numfashi ba, balle 'yata."

Mai shagon bai tsaya a baranda ba. Ya faɗi kalmar annoba a shagonsa, ya faɗe ta a wurin mai aski. Maƙwabta suka fara kulle kajinsu. Mata suka daina aiko da ɗinki. Wata safiya Auta ta tarar an zuba toka a gaban ƙofarsu, daga wannan bango zuwa wancan.

Ranar Litinin Likita ta kira Malam Difloma ofishinta. Mace ce mai furfura, ba ta maimaita magana.

"An kawo ƙara daga wani layi, ana zargin murar tsuntsaye. Kaji biyar sun mutu a gida ɗaya. Ranar Alhamis za mu je. Ka san doka: idan zargi ya yi ƙarfi, ba a barin ko ɗan tsako. Cike takardar sanarwa."

Ya ga lambar gidan, ta su Auta ce. Ya so ya ce ya san gidan, ya san abin da ke kashe kajin. Amma bai taɓa yi wa na gaba da shi musu ba, kuma an hana fitar da maganar ofis kafin takarda ta isa. Ya cike ta da kyakkyawan rubutunsa, ya miƙa wa masinja. Sau biyu ya ɗauki waya zai kira Auta, sau biyu ya ajiye.

Da la'asar saƙonta ya iso.

"Rubutunka ne. Na san yadda kake lanƙwasa bakwai. Baba ya hana ka shida, shi ne ka aiko a kashe duka? Jiya kana zaune a bencina, ba ka ce mini komai ba. Kada ka sake kirana da sunan nan."

Ya kira, ba ta ɗaga ba. Ya rubuta: "Ba ni na kai ƙara ba, wallahi. Amma ni na cike takardar, kuma na yi shiru saboda tsoro. Wannan ba ni da abin da zan kare kaina da shi."

Babu amsa.

Ya zauna yana kallon durowar da ya rufe. Ya san idan motar ofis ta tsaya a layin nan ranar Alhamis, aka fito da buhuna, to ba kaji kaɗai za a binne ba. Ya tashi, ya ƙwanƙwasa ƙofar Likita.

Ya yi mata bayani tun daga kazar farko, da hotunan raunin da ya ɗauka a waya. Ta daɗe tana dubawa.

"Me ya hana ka faɗa da safe?"

"Tsoro, ranki ya daɗe."

"Hm. Gobe ka ɗebo samfur a aika ɗakin gwaji. Sakamako kwana bakwai ne. Zan dakatar da mota. Amma ka ji da kyau: ko kaza ɗaya ta sake mutuwa kafin nan, ba zan jira takarda ba. Akwai kajin mutane a layin."

Washegari da ya je ɗebo samfur, Gwaggon Auta ce ta buɗe masa ƙofa, ƙanwar Mai Agogo, mace mai faɗin jiki da faɗin gaskiya.

"Kai ne mai rubutun? Shigo. Na gaya wa yayana sabo da kaza ba ya hana yanka, ya ce in koma gidana. Je ka gwada taka sa'ar."

Tsohon yana inda ya bar shi. Auta tana tsaye a ƙofar ɗaki, ta juya fuska.

Ya durƙusa nesa kaɗan.

"Baba, na zo neman gafara. Ranar farko na faɗi abin da ke cikin littafi, ban tambayi abin da ke cikin gida ba. Har yanzu ina kan cewa zakarun sun yi wa kajin yawa, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma na yi kuskure da na ce sai an yanka. Zakaru suna iya zama tare su kaɗai, muddin ba sa ganin kaza. Akwai lungu tsakanin ɗakinka da katanga. Idan aka rufe shi da kwano da ragar waya, ba za su ga kajin ba, kai kuma za ka riƙa jin su ta tagarka, kusa fiye da yanzu."

"In na ƙi fa?"

"Wata kaza za ta mutu a cikin makon nan, mota ta zo, a kwashe duka. Har su."

A bayan gida wani zakara ya yi cara, siririya mai karyewa a ƙarshe.

"Wannan shi ne ƙaraminsu," in ji Mai Agogo a hankali. "Shi ya fito daga ƙwai a ƙarshe, ranar da aka yi kwana bakwai da rasuwarta. Ni na ɓare masa ɓawon da ɗan hantsakin aikina. Lokacin ina gani." Ya shafa gilashin da ke wuyansa. "Kana da guduma?"

Kafin rana ta faɗi an gama. Malam Difloma ya buge yatsansa sau biyu. Auta ta riƙe masa ragar waya. Gwaggo ta tsaya tana ba da umarni, ta kuma raɗa wa wurin suna gidan tuzurai.

Kwana biyun farko ba su yi kyau ba. Zakarun suka kaure da faɗa, jini ya ɗiga a kan kwano, ɗaya ya kusa rasa ido. Mai Agogo yana zaune a bakin taga yana jin kowane bugu, fuskarsa a murtuke. Saurayin ya ƙara kwanon abinci uku a kusurwa daban-daban, ya kafa sanduna a sama domin mai gudu ya sami wurin hawa. A rana ta uku faɗan ya lafa.

Sai dai akwai kaza ɗaya, tsohuwar da ta yi kwancin ƙwan, uwar zakarun duka. Raunin bayanta ya yi zurfi, ta daina ci. Malam Difloma ya ware ta a kwali a baranda, yana zuwa safe da yamma ya wanke ciwon, ya ɗiga mata ruwa a baki da sirinji. A rana ta huɗu ta kwanta a gefe ɗaya. A rana ta biyar idonta ya rufe, sai ƙirjin kawai ke motsi. A bakin layi mutane suna tsayawa biyu-biyu suna kallon ƙofar. Duk motar da ta rage gudu, sai Auta ta ajiye abin da ke hannunta.

Mai shagon magani ya zo a ranar, ya leƙa kwalin, ya rage murya.

"Baba, in ta mutu a jefa ta a masai, wa zai sani? Ni ba zan faɗa ba."

Tsohon ya juya fuska wajen da Malam Difloma yake durƙushe.

"Kai fa? In ta mutu?"

Ya dubi Auta, ita ma shi take kallo.

"Zan faɗa, Baba. Na yi alkawari, kuma akwai kajin maƙwabta. Amma ina roƙon Allah kada ta mutu."

"Ka ji ko, Baba?" in ji mai shagon. "Wannan ne mai son 'yarka!"

"Na ji," in ji Mai Agogo. "Na kuma ji kai da ka ce annoba ce kana cewa a ɓoye ta. Kwashe ƙullinka ka tafi."

Da yamma, yana hanyar gida, saƙo ya shigo.

"Na so in tsane ka yau, na kasa. Ka ci abinci kuwa?"

"Ban ci ba. Ina jin tsoro ƙwarai."

"Na sani, Sarkin Tsoro. Ni ma haka. Ka kira ni da sunan nan."

"Autata."

A rana ta shida da safe ya iso ya tarar da kwalin babu kowa. Ya dafa bango. Sai ya ji ƙwas, ƙwas daga ƙarƙashin kujerar tsohon. Tsohuwar kazar ce, tana tsaye a karkace cikin 'yar rigarta, tana tsattsagar tsaba daga tafin hannun Mai Agogo.

"Kada ka yi ihu," in ji tsohon. "Za ka firgita ta."

Sakamako ya zo a rana ta takwas, ya makara da kwana ɗaya, kwanan da babu wanda ya ci abincin kirki a cikinsa. Babu murar tsuntsaye. Likita da kanta ta zo layin, ta tsaya a tsakiyar titi ta karanta takardar da ƙarfi. Maƙwabciyar da ta zuba toka ita ce ta fito da tsintsiya.

Bayan wata guda gashi ya fara tsiro wa kajin, aka sami ƙwai uku a akurki. Malam Difloma ya ce lokaci ya yi da za a mayar musu da zakara ɗaya, ya kawo takardar da ya auna nauyin kowanne.

"Ajiye takardarka," in ji Mai Agogo. "Akwai mai shaƙaƙƙiyar murya. Tun suna tare nake jinsa. In an watsa tsaba ba ya fara ci, sai ya yi ta ƙut-ƙut yana kiran kajin. Shi za a fitar."

Aka fitar da shi. Suka tsaya su huɗu suna sauraro. Ya zaga fili sau ɗaya, ya sami ƙwayar tsaba, ya ɗaga ya ajiye, ya yi kira. Kaza ɗaya ta sauko daga katanga, sannan wata.

Tsohon ya gyara zama.

"Ka ce wa kawunka ya dawo. Ya zo da wuri, ba na son mai makara."

Auta ta ruga ɗaki. Gwaggo ta rangaɗa guɗa har zakarun lungu suka amsa.

An ɗaura auren bayan wata huɗu. Sun kama haya gida na uku daga na Mai Agogo, domin Auta ta ce ba za ta yi nisan da ba za ta ji tarin mahaifinta ba, Gwaggo kuma ta kwaso kayanta ta dawo ɗakin da amarya ta bari. A cikin watannin nan ɗan hasken da ya rage a idon tsohon ya ƙarasa tafiya. Bai gaya wa kowa ba, sai ranar da za a kai ta, da suka durƙusa a gabansa ya miƙa hannu ya sami iska.

Ango ya kama hannun a hankali ya ɗora a kan amarya. Tsohon ya shafa goshinta, ya shafa kuncinta da ya jiƙe, sannan ya laluba ya kama fuskar angon da tafi biyu, ya daɗe yana bin ta da yatsu kamar yadda yake bin cikin agogo.

"Ashe haka kake," ya ce. "Yaro ne ƙarami." Ya saki fuskar, ya laluba ya kama hannunsu. "Ga ta nan, ita kaɗai ta rage mini. Allah ya sa albarka a tsakaninku. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari, ya tsare ku daga bakin mutane. In ta yi maka laifi ka yi haƙuri, in ka ji tsoro ka gaya mata. Ku tashi ku tafi, Allah ya yi muku albarka."

"Amin, Baba," suka ce tare.

Ba su tashi ba, sai da shi da kansa ya saki hannunsu.